Barƙa tsakanin Santambul da Alƙahira: nazarin lamarin Sanusiyya a Yaƙin Duniya na Farko

Asalin lamarin, kafin 1914

Barƙa ita ce gabashin Libiya ta yau. Ta taso daga wajen Bangazi ta miƙa har iyakar Masar, sannan ta gangara kudu cikin hamada zuwa Jalu da Kufra. Mutanenta Larabawa ne makiyaya, kowace ƙabila da yankinta da rijiyoyinta: Ubaidat, Bara'asa, Awaƙir, Magarba, ga kuma Zuwayya can kudu. Abin da ya tara su a inuwa ɗaya shi ne ɗariƙar Sanusiyya. Sayyid Muhammad bin Ali as-Sanusi, mutumin Aljeriya da ya yi zaman karatu a Makka, shi ya gina zawiyarsa ta farko a Barƙa a garin Baida a 1843, daga baya ya mayar da cibiyar ɗariƙar Jagbub, inda ya rasu a 1859. Zawiya a wancan yanki makaranta ce, masaukin fatake ce, kuma a nan ake sasanta ƙabilu idan an zubar da jini ko an yi rigimar ruwa.

A zamanin ɗansa Sayyid al-Mahdi ɗariƙar ta bi hanyar ayari daga Bangazi ta Kufra har Wadai da Kanem, kuma cikin Larabawan fatake mazauna Kano da Damagaram akwai 'yan ɗariƙar. Ana cikin haka Faransa ta taso daga kudu. A 1902 ta ci zawiyar Bir Alali a Kanem, a shekarar kuma al-Mahdi ya rasu a Guro, cikin ƙasar Chadi ta yau. Ɗansa Idris yaro ne a lokacin, sai jagoranci ya faɗa hannun ɗan ɗan'uwan al-Mahdi, wato Sayyid Ahmad ash-Sharif.

A Oktoban 1911 Italiya ta sauke soja a Tarabulus da Bangazi da Darna da Tubruƙ. Ƙasar a lokacin ta Daular Turkawa ce. Hafsoshin Turkiyya, cikinsu har da Anwar Bey da Mustafa Kamal, suka haɗa kai da ƙabilu suka tsare Italiyawa a bakin teku. Bayan shekara guda yaƙin Balkan ya tashi, Santambul ta yi sulhu da Italiya a Oktoban 1912 ta janye yawancin mutanenta. Yaƙin ya koma wuyan Sayyid Ahmad da ƙabilun Barƙa.

Ga yadda taswirar take a tsakiyar 1914. Tashoshin ruwa na arewa suna hannun Italiya. Hanyar kudu Faransa ta datse ta, musamman bayan ta ci Ain Galaka a 1913. Ƙofa ɗaya ce ta rage a buɗe, ita ce Sallum a kan iyakar Masar, inda Ingila ke da iko. Ta nan makiyaya ke fitar da tumaki da raƙuma da ulu, ta nan shinkafa da sukari da shayi da yadi ke shigowa, har da harsasan da ake shigo da su a ɓoye.

Nuwamba 1914: kira ya iso

Turkiyya ta shiga yaƙi a ɓangaren Jamus a ƙarshen Oktoban 1914. Ran 14 ga Nuwamba aka karanta fatawar jihadi a masallacin Fatih da ke Santambul da sunan Halifa, Sarkin Turkawa Muhammad Rashad. Fatawar ta ambaci Rasha da Ingila da Faransa. Ba ta ambaci Italiya ba, domin a takarda Italiya ƙawar Jamus da Ostiriya ce, kuma Balin, babban birnin Jamus, na fatan ta ci gaba da zama 'yar ba-ruwana.

Jamusawa sun daɗe suna shirin wannan rana. Tun 1898 Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu ya tsaya a Dimashƙa ya ce shi abokin Musulmin duniya ne. Da yaƙi ya tashi, wani tsohon jami'in ofishin jakadancin Jamus a Alƙahira, Max von Oppenheim, ya kafa ofishin farfaganda a Balin wanda ke buga takardu da Larabci da wasu harsunan Musulmi. A kusa da Balin aka ware sansani domin fursunonin yaƙi Musulmi, aka gina musu masallaci a 1915, ana raba musu jarida mai suna al-Jihad. A kasuwanni kuwa jita-jita ta bazu cewa Sarkin Jamus ya musulunta har ya yi aikin hajji.

Ingila ma ba ta zauna ba. A Disamban 1914 ta ayyana Masar a ƙarƙashin kariyarta, ta tuɓe mai sarautar ƙasar, Khidiwi Abbas Hilmi, ta naɗa Husaini Kamil da laƙabin Sultan. Ta riƙa tattara takardun biyayya daga malamai da shugabannin ɗariƙu a Masar da Sudan da Indiya tana yaɗawa, tana cewa rigimarta da gwamnatin Anwar ce, wanda a lokacin ya zama ministan yaƙin Turkiyya, addini ba ya ciki.

Duk ɓangarorin biyu idonsu na kan Sayyid Ahmad. Dalili kuwa a fili yake: yana da mabiya a cikin Masar kanta, musamman ƙabilar Aulad Ali ta gaɓar tekun yamma da mutanen dausayin Siwa. In ya ɗaga tuta, Ingila za ta sami wuta a bayanta alhali tana fuskantar Turkawa a mashigin Suwes.

Shekarar 1915: ƙoƙarin riƙe kowa

Abin da Sayyid Ahmad ya fara gwadawa shi ne ya karɓi hannun kowa ba tare da ya shiga yaƙin kowa ba.

A farkon 1915 Nuri Bey, ƙanin Anwar ministan yaƙi, ya iso Barƙa, haka ma wani hafsa Balarabe mutumin Bagadaza, Ja'afar al-Askari. Sun zo da zinariya da bindigogi da wasiƙu. Santambul ta ba Sayyid Ahmad muƙamin wakilin Halifa a yankin. Akwai kuma wakilin Jamus, Otto Mannesmann. Sayyid ya karɓe su, ya bar Ja'afar ya horar da mayaƙansa a sansanin da ke kusa da Sallum, har aka sami tsararrun dakaru kimanin 5,000 da 'yan igwogi da manyan bindigogi. A nufinsa waɗannan dakaru na yaƙin Italiya ne.

A lokaci guda yana musayar wasiƙun zumunci da Janar Maxwell, kwamandan sojan Ingila a Masar. Jami'in tsaron gaɓar teku da ke kula da Sallum, Kanar Snow, mutum ne da ya san Larabawan yankin, kuma aikinsa shi ne ya lallaɓa. Ingilishi sun san Turkawa na sansanin, suka kau da kai, kasuwa ta ci gaba da ci.

Watanni da dama wannan dabara ta yi aiki. Harin da kwamandan Turkiyya Jamal Basha ya kai mashigin Suwes a farkon Fabrairun 1915 ya watse ba tare da Sanusiyya ta motsa ba. A yamma kuma, ran 29 ga Afrilu, mayaƙan Libiya suka ragargaza rundunar Italiya ta Kanar Miani a Ƙardabiyya kusa da Sirt, bayan Ramadan as-Suwaihili na Misrata ya juya wa Italiyawa baya ana tsakiyar faɗa. An kwashe bindigogi dubbai. Kafin ƙarshen bazara Italiya ba ta riƙe komai a yankin Tarabulus sai birnin kansa da Khums.

Abubuwa biyu ne suka karya dabarar. Na farko, a Mayun 1915 Italiya ta shiga yaƙi a ɓangaren Ingila da Faransa, a Agusta kuma ta yi shelar yaƙi da Turkiyya. Maƙwabcin da ke ciyar da Barƙa ya zama abokin kawancen mai mamayarta, kuma Italiya ta matsa wa Ingila lamba ta tsuke iyaka. Wannan ya ba Nuri hujjar da ba shi da ita a da: yanzu yana iya cewa duk Turawan nan baki ɗaya ne. Na biyu, albashin tsararrun dakarun daga jakar Nuri yake fita, hafsoshinsu kuma nasa ne. Sayyid yana da albarka da kwarjini, amma umarnin yau da gobe a sansani ya fara suɓuce masa.

Alkawarin da aka shimfiɗa masa shi ne: Turkawa za su sake afko wa Suwes daga gabas, shi ya shigo ta yamma, Sarkin Darfur Ali Dinar ya taso daga kudu, mutanen Masar kuma su yi bore daga ciki.

Nuwamba 1915 zuwa Maris 1916: yaƙin bakin teku

Ran 5 ga Nuwamba jirgin ƙarƙashin teku na Jamus mai lamba U-35 ya nutsar da jirgin Ingila mai suna Tara daura da Sallum. Ya jawo waɗanda suka tsira, kimanin mutum 90, ya miƙa su ga Turkawa da Sanusiyya a gaɓar Barƙa. Washegari ya harbi jiragen tsaron gaɓa na Masar biyu a tashar Sallum. Cikin makonni biyu aka kai hare-hare kan barikin Sallum da Sidi Barrani. Bayanan tarihi da dama sun nuna cewa dakarun da ke ƙarƙashin hafsoshin Turkiyya ne suka kai su domin su yanke wa Sayyid hanyar komawa. Ko ma yaya aka yi, fursunonin Ingila na hannunsa, jini ya zuba da sunansa. Ya shiga.

Ingila ta janye daga Sallum zuwa Marsa Matruh, tafiyar kilomita kusan 200 gabas, ta rufe iyaka. Aulad Ali da yawa suka bi tutar Sayyid. Wasu hafsoshin Masar na tsaron gaɓa suka sauya sheƙa da mutanensu, fitaccensu shi ne Muhammad Salih Harb. Iyakar boren Masar da aka yi alkawari ke nan. Alƙahira da Iskandariyya da ƙauyukan kogin Nilu ba su motsa ba.

An gwabza a Wadi Sanab ran 11 zuwa 13 ga Disamba, inda aka kashe Kanar Snow, sai Wadi Majid ran 25 ga Disamba, sai Halazin ran 23 ga Janairun 1916. A duk waɗannan Sanusiyya ta yi faɗa cikin tsari ta janye ba a murƙushe ta ba. Ran 26 ga Fabrairu a Aƙaƙir, kusa da Sidi Barrani, sojan Afirka ta Kudu suka kore su daga tuddan yashi, mahayan Ingila kuma suka afka musu a fili suna cikin janyewa. Aka ji wa Ja'afar rauni aka kama shi. Nuri ya tsere. Ran 14 ga Maris Ingila ta koma Sallum, bayan kwana uku motoci masu sulke suka ratsa hamada zuwa Bir Hakim suka kwato mutanen jirgin Tara.

Harin Turkawa daga gabas, wanda ya kamata ya zo tare da wannan, bai zo ba sai watan Agustan 1916 a Rumani, gabas da mashigin Suwes, shi ma bai kai ko'ina ba.

1916 zuwa farkon 1917: dausayi, Darfur da Agadas

Tun kafin Aƙaƙir Sayyid Ahmad ya ware da wani ɓangare na mayaƙa tare da Salih Harb suka nufi Siwa. Daga nan mutanensa suka shiga dausayin Bahariyya da Farafra da Dakhla, daga inda ake iya kai wa kwarin Nilu farmaki. Farmakin bai yiwu ba. Abin da zamansu ya haifar shi ne Ingila ta jibge dubban sojoji suna gadin gefen Nilu na tsawon watanni, wanda daman shi ne ribar da Jamus ke nema. A Oktoban 1916 aka matsa musu suka koma Siwa. A farkon Fabrairun 1917 motoci masu sulke suka taso daga Matruh suka same su a can, Sayyid ya janye zuwa Jagbub.

Ali Dinar kuwa bai sami taimakon da ya sa rai ba. Rundunar Ingila da Masar ta ci shi kusa da al-Fashir a Mayun 1916, aka kashe shi a Nuwamba, sarautar Darfur ta ƙare.

Iskar ta kaɗo har ƙasarmu. Kawusan, jagoran Abzinawa da ya daɗe tare da Sanusiyya a Kanem da Fazzan, ya taso daga Fazzan da bindigogin zamani da igwa. A Disamban 1916 ya kewaye barikin Faransa a Agadas da goyon bayan Sarkin Abzin Tegama. Rundunar Faransa ta taso daga Damagaram, Ingilishin Najeriya suka taimaka mata, aka karya kewayen a farkon Maris 1917. Ramuwar da Faransa ta yi ta haɗa da kashe malaman Agadas da dama da watsa mutanen Abzin. Kawusan ya ƙare a rataye a Murzuƙ a 1919, Tegama kuma ya mutu a hannun Faransawa a 1920. Mutanen da suka biya wannan farashi ba su taɓa ganin Santambul ba, balle Balin.

Yunwa, da tattaunawar Zuwaitina da Akrama

Yayin da ake wannan, Barƙa na cikin mawuyacin hali. Ruwan sama ya yi ƙaranci, fara ta cinye sha'ir, annoba ta shigo. Italiya ta tsare tashoshin ruwa, Ingila ta rufe Sallum. Mutane suka mutu da yunwa, wasu ƙabilu suka riƙa gangarawa garuruwan da Italiya ke riƙe da su suna miƙa wuya domin abinci. Jiragen ƙarƙashin teku na Jamus na iya kawo akwatunan harsashi da zinariya, amma ba za su ciyar da ƙasa ba. Su ma daga baya suka karkata zuwa Misrata, inda Nuri ya koma wajen Ramadan as-Suwaihili, mutumin da a lokacin ya riga ya saɓa da gidan Sanusi har sun gwabza.

Da Sayyid Ahmad ya nufi dausayin Masar, ya bar al'amuran Barƙa a hannun Sayyid Idris ɗan al-Mahdi. Idris ya yi hajji daf da soma yaƙin, ya biyo ta Masar ya gana da manyan Ingilishi, kuma bai goyi bayan harin ba tun farko. Shi ya aika cewa a zauna.

Zaman farko an yi shi a Zuwaitina, daga Yuli zuwa Satumban 1916, Kanar Talbot na wakiltar Ingila tare da wakilan Italiya. Aka yi ta kai gwauro ana kai mari, aka tashi ba sakamako. Ingila ta riga ta yi wa Italiya alkawarin ba za ta yi sulhu ita kaɗai ba. Italiya na son a amince da mulkinta a kuma sako fursunoninta kafin komai. Idris kuma ba zai iya sa hannu a kan abin da zai nuna ya sallama ƙasa ba, domin Sayyid Ahmad na nan da rundunarsa, hafsoshin Turkiyya na nan cikin sansanoni, kuma shugabannin ƙabilu na kallo.

Zama na biyu an fara shi a Janairun 1917 a Akrama, kusa da Tubruƙ. A tsakani abubuwa sun canja. Yunwa ta tsananta. Sharif Husaini na Makka ya yi wa Turkawa tawaye tun Yunin 1916, kuma ofishin Ingila mai kula da harkokin Larabawa a Alƙahira ya yayata labarin ko'ina, ta yadda maganar cewa duk Musulmi na bayan Santambul ta yi rauni. Sai ga labarin Siwa a Fabrairu. A Afrilun 1917 aka sa hannu a kan yarjejeniyoyi biyu. Da Ingila: a sako fursunoni, a raba hafsoshin Turkiyya da iyakar Masar, kada ɗan Sanusiyya mai makami ya zauna cikin Masar, ita kuma ta buɗe Sallum domin ciniki ta bar wa Idris kula da Jagbub. Da Italiya: a tsagaita wuta, a buɗe kasuwanni, kowa ya tsaya inda yake. Maganar wane ne mai ƙasa aka ajiye ta gefe. Abinci ya fara shigowa.

Bayan haka

Sayyid Ahmad ya yi yamma da sauran mutanensa cikin wahala. A 1918, daf da ƙarshen yaƙi, jirgin ƙarƙashin teku ya ɗauke shi aka kai shi Santambul. Ya taimaki Mustafa Kamal a yaƙin 'yantar da Turkiyya a Anadolu, daga baya ya koma Hijaz, ya rasu a Madina a 1933 bai sake ganin Barƙa ba. Ja'afar al-Askari, daga gidan fursuna a Alƙahira, ya shiga rundunar Faisal ɗan Sharif Husaini ya yaƙi Turkawa, ya kuma zama firaministan Iraƙi. A Oktoban 1920, a yarjejeniyar Rajma, Italiya ta amince da Idris a matsayin amir mai iko da Jagbub da Jalu da Aujila da Kufra, mazauninsa Ajdabiya. A ƙarshen 1922 ya fice zuwa Masar, gwamnatin Mussolini a Italiya ta soke yarjejeniyoyin a 1923, yaƙi ya dawo a ƙarƙashin Umar al-Mukhtar har zuwa rataye shi a Satumban 1931.

Hukunci

Ban ga dalilin zargin niyyar Sayyid Ahmad ba. Mutum ne da ya yaƙi Faransa a kudu da Italiya a arewa tun kafin kowa ya aiko masa da fatawa, kuma biyayyarsa ga Halifa ta gaskiya ce, ya tabbatar da ita har ƙarshen rayuwarsa. Kuskurensa na lissafi ne, kuma ya faru tun farkon 1915, ranar da ya bar baƙi su riƙe jakar albashin dakarunsa. Daga ranar tsaka-tsakinsa ya dogara ga haƙurin Nuri, shi kuwa Nuri an aiko shi ne musamman domin ya kawo ƙarshen wannan tsaka-tsaki.

Farfagandar Jamus da Turkiyya ita kaɗai ba ta motsa Barƙa ba. Shekara guda cur fatawar na yawo, Sayyid bai harba harsashi ko ɗaya gabas ba. Mutanen yankin sun san wanda ke zaune a Bangazi, kuma sun lura fatawar ba ta ambace shi ba. Abin da ya motsa su shi ne zinariya da hafsoshi a cikin sansani, da shigar Italiya kawance da Ingila, da fursunonin da aka ajiye musu a ƙofa. A Masar, inda takardu kaɗai suka isa ba tare da bindiga ba, babu abin da ya tashi. Idan aka auna da buƙatar Balin, aikin ya biya: da kuɗi kaɗan da hafsoshi ƙalilan an ɗaure dubban sojojin Ingila fiye da shekara. Idan aka auna da buƙatar Barƙa, an ɗauke mayaƙan da suka fi horo daga fagen Italiya a daidai lokacin da Italiya ta fi rauni, aka kai su suka karye a kan ƙofar da abinci ke shigowa.

Akrama ta yi nasara inda Zuwaitina ta gaza saboda Idris ya nemi abin da ɓangarorin za su iya bayarwa a lokacin, wato kasuwa da tsagaita wuta, ya jingine maganar mulki. Ingila na son kwashe sojanta zuwa Falasɗinu, Italiya na fama da Ostiriya a kan iyakarta, kowa na buƙatar Barƙa ta yi shiru. Na yarda wannan sulhu ya ceci rayuka da yawa, kuma waɗanda ke kiransa sallamawa ba su yi wa mutanen da ke mutuwa da yunwa a 1916 adalci ba.

Sai dai ƙarfinsa bai wuce buƙatar da ta haife shi ba, kuma zumuncin Ingila bai fi na Jamus tsarki ba. Ingilar da ta bar wa Idris Jagbub a 1917, ita ce ta daidaita da Italiya a 1920 cewa garin zai faɗa ɓangaren Libiyar Italiya. Masar ta sa hannu a kan haka a Disamban 1925, sojan Italiya suka shiga Jagbub a Fabrairun 1926, a 1931 kuma Janar Graziani na Italiya ya ja waya mai ƙaya ta kilomita kusan 270 daga bakin teku zuwa can, ya yanke Barƙa daga Masar gaba ɗaya.